Kalma Biyar a Yini: Ingilishin da Makiyayi da Ɗan Kasuwar Iyaka Ke Bukata

Iyayena da yayyena, makiyaya da ƴan kasuwa na wannan gefen iyaka da na wancan gefen, barkanmu da warhaka. Ardo a ruga, Alhaji a rumfa, direban da ke jiran lodi a tasha, da ke Inna mai ƙwaryar nono, duk ina gaishe ku da ƙoƙari. Wannan magana na yi ta a shirinmu na maraice, sai masu bugo waya suka yi ta cewa ta yi musu sauri, kalmomin sun wuce ba su kama ba, a taimaka a sa musu ita a takarda. To, ga ta nan. Wanda bai iya karatun boko ba ya ba yaronsa ya karanta masa da dare, sannu a hankali, a tsaya duk inda ya ce a tsaya.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko zancen. Bara da kaka kawuna ya ci kasuwa a ƙetaren iyaka, ya dawo da kwalabe huɗu na maganin allurar shanu. An sayar masa da araha ƙwarai, har yana cewa yau ya yi sa'a. Ya yi wa shanu uku da ba su da lafiya allura, aka yi kwana uku, aka yi mako, babu alamar sauƙi. Karsana guda ta kwanta, sai wuƙa aka sa mata. Da na je yi masa jaje ya miƙo mini kwalbar ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mini, ko na jabu aka ba ni?" Na juya kwalbar. Can ƙasa an buga haruffa uku, E da X da P, sai lambar wata da ta shekara a gabansu. Maganin ya wuce wa'adinsa da fiye da shekara guda. Kawu yana jin Fulatanci da Hausa, yana taɓa Zabarmanci, ya sauke Alƙur'ani, yana juya sefa zuwa naira a ka kafin ni in gama danna salula. Amma haruffan nan uku bai san su ba. Ajali ba ya wuce ranarsa, mun yarda, sai dai da ya san su, da bai miƙa kuɗinsa ba.

In na ce Ingilishi, ina nufin abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira Turanci. Mu a nan Nijar Faransanci aka koya mana a lakwal, amma kasuwarmu kudu ta fi karkata. Dabbar da ta taso daga Dakoro ko Tanut sai ta bi ta Jibiya ko Mai'aduwa ko Maigatari. Albasar Galmi ta bi ta Konni ta faɗa Illela. Da baki, Hausa ta ishe ka har Kano da gaban Kano. Takarda ce ba ta jin Hausa. Kwalbar magani, saƙon banki a salula, rasit na shingen hanya, duk da Ingilishi suke zuwa. Ko a nan gida, tun 2025 hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Ke nan wannan harshe ba baƙon da zai kwana biyu ya wuce ba ne.

Ba duka za ka koya ba

Da yawa in an ce a koyi Ingilishi sai gabansu ya faɗi, su ce ai girma ya zo, kai ya cika da lissafin gida. Ku saurara. Babban ƙamus na Ingilishi da ake bugawa a Okisfod yana ɗauke da kalma sama da 600,000. Babu mahaluƙin da ya san su duka, har wanda aka haifa a Landan. A 1953 wani malami ɗan Ingila mai suna Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a ƙasar Indiya, ya fitar da jerin kalma wajen 2,000 da suka fi yawo a magana da rubutu, don mai koyo ya fara da su maimakon ya faɗa kogi ba kwale-kwale. Kai kuwa, a ganina, ko dubu biyun nan ba da su za ka fara ba. Fara da kalmomin da ke tsaye tsakaninka da dukiyarka, waɗanda rashin saninsu zai ci maka saniya ko buhu. In ka tara ɗari biyu ko ɗari uku irin waɗannan, wallahi sai ka ga hanya ta canza maka.

Kuma ba da hannu wofi za ka fara ba. Hausar da kake yi kullum cike take da Ingilishin da kakanninmu suka ara suka gyara masa zama. Mota, direba, birki, taya, tasha, lodi, tikiti, fasinja, rasit, lasisi, banki, canji, kamfani, galan, dozin, siminti, bokiti, likita, asibiti, duk daga can suka fito. Farashi daga "price" yake. Rasit daga "receipt", wadda ake rubuta ta da harafin p amma ba a furta shi. Birki daga "brake", lodi daga "load". Aikinka na makon farko shi ne ka zauna da yaro ɗan makaranta, kai ka faɗi ta Hausa, shi ya nuna maka yadda ake rubuta uwarta. Ma'ana ka riga ka sani, fuskar kawai za ka gane. Kafin kasuwa ta zagayo sai ka tarar kana da kalma talatin ko arba'in ba tare da ka yi gumi ba.

Kalmomin ido da kalmomin baki

Ga wata dabara da ta rage mini wahala. Raba kalmominka gida biyu. Akwai na ido, waɗanda ba sai ka iya faɗinsu ba, ka dai gane su in ka gan su a rubuce, kamar yadda kake gane shaidar da ke jikin saniyar maƙwabcinka daga nesa. Akwai na baki, waɗanda dole ka ji su ka kuma mayar a wajen ciniki.

Mu fara da na ido, a jikin kwalbar magani. Yawanci za ka ga kwanan wata iri biyu. Wanda ke gaban MFG ko MFD ranar da aka haɗa maganin ce. Wanda ke gaban EXP, ko "expiry date", ranar da wa'adinsa ke cika ce. Wannan na biyu shi za ka nema kafin ka sa hannu aljihu. Sai "dose" ko "dosage", wato awon da za a ba dabba. A nan akwai wata ƴar ƙaramar kalma mai haruffa uku, "per", ma'anarta "ga kowane". Maganin ivamektin na allura, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wanda ake yi wa dabba don tsutsar ciki da ƙwarin fata, akan rubuta masa "1 ml per 50 kg", wato mil ɗaya ga kowane kilo hamsin na nauyin dabba. Oksitetarasaikilin mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, shi kuma akan rubuta masa mil ɗaya ga kowane kilo goma. Kun ga bambancin ninki biyar ne. Wanda ya auna wannan da awon wancan, ko dai ya ba da abin da bai isa ba, ko ya wuce ƙima.

Sai inda maganin zai bi. "Intramuscular", ko IM a taƙaice, cikin tsoka ke nan. "Subcutaneous", ko SC, ƙarƙashin fata. "Oral", ta baki. "Pour-on", a zuba a gadon baya. "External use only", a jiki kaɗai, ba a sha. Kalmomin nan dogaye ne, ni kaina harshena na harɗewa a wasunsu, amma ba wanda ya ce ka faɗe su. Ka gane fuskarsu kawai.

Inna mai nono, ke ga taki: "withdrawal period". Adadin kwanakin da za a jira ne bayan an yi wa dabba magani kafin a sha nononta ko a ci namanta. A gabanta za ki ga "milk", nono ke nan, da "meat", nama, sai lamba da kalmar "days", kwanaki. Nonon da aka tatsa cikin kwanakin nan yana ɗauke da ragowar magani, kuma ƴaƴanmu ne ke shansa. Akwai kuma "pregnant", mai ciki. Wasu magungunan tsutsa, irin albandazol, ana gargaɗi a jikinsu kada a ba dabbar da cikinta ke farko-farko.

Ƙananan kalmomin hani su ne na fi so ku riƙe da hannu biyu: "not", "do not", "never", "only", "warning", "poison". Kalmar "not" ita kaɗai tana kifar da jimla baki ɗaya, daga "a yi" ta koma "kada a yi". In ka gan ta a layin da ba ka gane sauransa ba, tsaya ka nemi mai karanta maka.

Mu koma salula. Yanzu ciniki da yawa a kasuwannin ƙetare turawa ake yi ta banki, ko a zari kati a na'urar POS. Saƙon da zai shigo maka, in ya ce "credit" ko Cr, kuɗi ne suka shigo. In ya ce "debit" ko Dr, kuɗi ne suka fita. "Balance" ko Bal, abin da ya rage a asusunka. Sai kalmomin da ke gaya maka inda turawar ta tsaya: "successful" ko "approved", ta tafi, "pending", tana rataye, ba ta iso ba tukuna, "failed" ko "declined", ba ta yi ba, "reversed", an mayar wa mai turawa da kuɗinsa. Wani ya nuna maka fuskar wayarsa ya ce ya tura, kai kuwa ka ga lambar kuɗin daidai, ka saki rago, ashe "pending" ce a sama. Ko da ka ga "successful" a wayar wani, ko saƙo ya shigo taka, duba "balance" naka ta hanyar bankinka ka ga ya ƙaru, don akwai masu ƙirƙiro saƙon ƙarya. In kuma ka ga PIN ko OTP tare da "do not share", ana ce maka ne kada ka ba kowa lambar nan, ko da ya rantse shi ma'aikacin banki ne.

A takardun hanya kuwa, ka san "paid", an biya. "Duty", kuɗin fito na kwastan, abin da mu muke biya wa ƴan duwan. "Valid until", tana aiki har zuwa rana kaza. "Seized", an kama kaya. "Owner", mai kaya. "Sign", sa hannu. Ku lura, kalma guda takan yi fuska biyu. "Fine" a gaisuwa lafiya lau ce, a takardar jami'i kuwa tara ce. "Withdrawal" a kwalba jiran kwanaki ne, a banki cire kuɗi ne. "Good" abu mai kyau, amma "goods" kaya ne. Saboda haka kada ka riƙe kalma tsirara, riƙe ta tare da wurin da ka tsince ta.

Lamba ita ce wuyan aiki

A kalmomin baki babu abin da ya kai lamba haɗari. Ingilishi yana da tagwayen lambobi da kunne ke ruɗewa a kansu: "thirteen" da "thirty", "fourteen" da "forty", "fifteen" da "fifty", har zuwa "nineteen" da "ninety". Wadda aka ja ƙarshenta ta ƙare da "tiin", ta goma sha ce: fiftiin, goma sha biyar. Wadda aka datse ta ƙare da "ti", ta gomiya ce: fifti, hamsin. A cikin hayaniyar kara, ga kukan shanu ga ƙarar mota, wa zai ji wannan "n" ɗin? To kada ka ji kunya. Miƙa wayarka ka ce ya danna maka lambar, ko ka tambaye shi, "one five or five zero?", wato ɗaya da biyar ko biyar da sifiri. Su kansu masu harshen haka suke yi wa junansu.

Allon koyon lamba yana aljihunka. Takardar naira hamsin an rubuta mata "Fifty Naira", ga kuma "Naira Hamsin" da boko a jikinta. Ta ɗari biyar an rubuta "Five Hundred Naira", ta dubu "One Thousand Naira", kuma duka biyun suna da ajami. Duk sa'ad da kake ƙirga kuɗi, karanta guda ɗaya.

Mu mutanen sefa akwai ƙarin tarko. Mun saba lissafi da dala, in an ce dala ashirin mun san faran ɗari ne. Ingilishi ba ya wannan ninkin. In ya ce "twenty", ashirin ce cak. Sannan alamar rubutu ta bambanta. A Faransanci 1,5 ɗaya da rabi ne. A Ingilishi ɗaya da rabi da ɗigo ake rubuta shi, 1.5, waƙafi kuma shi ke raba dubbai, 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar. In saƙon banki ya nuna 25,000.00, dubu ashirin da biyar ne, sifiri biyun ƙarshe na kwabo ne, ba miliyan biyu da rabi ba. In kuma ɗan kasuwa ya rubuto maka 50k, dubu hamsin yake nufi.

Yadda kalma ke zama a kai

To, an zaɓi kalmomi. Yaya za a yi su zauna? Ni da nake kwaleji nakan haddace kalma hamsin a daren jarrabawa, in rubuta da safe, bayan mako ko goma ban iya kawowa. Daga baya na gane ba kaina ne ya lalace ba, hanyar ce ba daidai ba. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada abin a kan kansa ya buga sakamakon a 1885. Ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga nan ta rage sauri, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama guda. Ku da kuka yi makarantar allo kun san wannan tun kafin a gaya muku sunan Bajamushe. Malam ba ya bari a wanke allo sai karatun ya zauna, kuma ko an yi gaba dole a riƙa komawa tilawar baya, in ba haka ba hadda ta zube.

Saboda haka ga tsarin da nake ba ku shawara. Kalma biyar a yini, kada a ƙara. Ka karɓe su da safe. Bayan an idar da azahar an shafa addu'a, ka sake bin su. Bayan la'asar haka, kafin ka kwanta haka. Kowane bi bai fi minti biyu ba. Kwana biyar a mako kana ɗaukar sababbi, ranar Juma'a da ranar kasuwarku ka bar su don tilawar na baya. Ashirin da biyar ke nan a mako, ɗari a wata. Wata uku kana da ɗari uku. Da yayyafi kogi kan cika.

Ka yanka kwalin shayi ko na sukari ƙanana-ƙanana. Gefe guda yaro ya rubuta maka kalmar Ingilishi da manyan haruffa, kamar yadda take a kwalba. Ɗaya gefen kai ka rubuta ma'anarta da hannunka, da boko ko da ajami, har da yadda kunnenka ya ji ta. Ajami ba ya ƙin kowane harshe. Nemi gwangwanin tumatir uku. Sabuwar kalma ta shiga na farko, wanda ake dubawa kullum. In ka ci ta, ta koma na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana uku. In ka sake cin ta, ta koma na uku, na mako-mako. Wadda ta kuɓuce maka, ko daga ina take, ta dawo na farko. Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan dabara a 1972, shi da akwati mai ɗakuna ya yi, mu gwangwani ya ishe mu. Mai tafiya kiwo ya yi da aljihu uku na rigarsa.

Abu ɗaya nake roƙo: in ka ɗauko kati, kada ka yi saurin juya shi. Tsaya ka matsa wa kanka ya kawo amsar tukuna. Wannan ɗan ƙoƙarin tunowa shi ke kafa kalma. Kallo kawai ba ya kafa ta.

Sai ɗaurin kalma. Nemo wata kalmar Hausa ko ta Fulatanci mai kama da ita a kunne, ka ɗaure su tare. Ni "debit" da "ɗebe" na ɗaure ta: debit, an ɗebe mini kuɗi. Tun ranar ban sake ruɗa ta da "credit" ba. "Cow", saniya, ka tuna ƙaho. "Rain", ruwan sama, ka tuna ba ya zuwa da rani. In ɗaurin ya ba ka dariya ya fi zama. Kuma kalmomi biyu masu kama da juna, ko kishiyoyi, irin "buy" da "sell", saye da sayarwa, ko "sheep" da "cheap", tunkiya da araha, kada ka ɗauke su rana guda. Bari ɗaya ta kafu kwana biyu, sannan ka kawo ƴar'uwarta, in ba haka ba sai su yi ta musayar riga a kanka.

Ɗaura kalma a jikin abinta kuma. Kana tsaye a garke, nuna ka faɗa da ƙarfi: "bull", bijimi, "calf", maraƙi, "heifer", karsana, "ram", rago, "goat", akuya, "rope", igiya. Ɗan kasuwa ya yi da "bag", buhu, "onion", albasa, "beans", wake, "salt", gishiri. Baba makiyayi, kada in ji ka ce ba ka da kai. Mutumin da ya san shanu sittin kowace da sunanta, ya san uwarta da kakarta, ya gane wadda ta ɓata tun kafin a gama ƙirga, shi ne kalma biyar za ta gagara?

Na baki kuwa, ɗauke su dunƙule, jimla guda kamar kalma guda, kada ka tsaya fasa ta. "How much?", nawa ne. "Too expensive", ya yi tsada. "Give me receipt", ba ni rasit. "Write it down", rubuta mini. "Say it again, slowly", sake faɗi a hankali. "I don't understand", ban gane ba. Wannan ta ƙarshe ta fi sauran daraja, don mai iya cewa bai gane ba ba a cika yi masa wayo ba. In kana da babbar salula, sa yaro ya karanta maka kalmomin makon a saƙon murya na WhatsApp, kowace ya faɗe ta, ya ɗan yi shiru, sannan ya faɗi ma'anar. Kana bin shanu kana saurare, a cikin shirun nan kai ka riga shi.

Ga waɗanda suka taɓa lakwal

In ka yi ko aji huɗu na Faransanci, kana da jari. Kalmomi da yawa rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, ma'anarsu ɗaya, furuci ne kawai ya bambanta: vaccination, injection, dose, date, total, transit, animal, danger, poison, signature. Waɗannan kyauta ka same su. Amma akwai masu kama da ɗan gida alhali baƙi ne. "Sale" a Faransanci ƙazanta ce, a Ingilishi sayarwa. "Pain" a wurinmu burodi ne, a wurinsu ciwo. "Location" mun san ta da haya, su kuwa wurin da kake suke nufi, shi ya sa direba zai ce ka turo masa ita. "Monnaie" canji ne, "money" kuɗi gaba ɗaya. Kiredi a bakinmu bashi ne ko kuɗin waya, amma "credit" a saƙon bankin Najeriya shigowar kuɗi ce. Waɗannan ka ware musu kati na musamman.

Kunya da iyakar abin

Kalmar da ba ta fita daga baki ba ba ta zama taka ba tukuna. Ranar Alhamis in ka shiga Maigatari, ko ka yi doguwar tafiya da tirela zuwa Legas ko Fatakwal, gwada abin da ka tara. Can kudu za ka ji yawanci buroka ake yi a kasuwa, ba Ingilishin littafi ba, amma lambobi da sunayen kaya kusan duk ɗaya ne, abin da ka koya ba zai tashi a banza ba. Za a yi maka dariya wata rana. To sai me? Bayarabe ko Ibon da ya zo sayen shanu yana kakkarya Hausa, mukan yi dariya, amma mukan sayar masa, har mu ƙara ganin girmansa. Matambayi ba ya ɓata, kuma gemu ba ya hana ilimi. In jikarka ce ƴar aji shida za ta koya maka, zauna ta koya maka.

Sai dai in faɗa muku iyakar abin, don kada a ce rediyo ce ta ce. Sanin kalmomin kwalba bai mai da kai likitan dabbobi ba. Amfaninsa ka gane maganin da ya wuce wa'adi, ka gane gargaɗi, ka san abin da za ka tambaya. Gano ciwo da zaɓen magani aikin malamin dabbobi ne. Google Translate yana da Hausa, yakan taimaka da kalma ɗaya-ɗaya, amma yana kuskure, kada ka auna magani da shi. Takarda kuma, ko ka gane kalma bakwai cikin goma, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka ita daga sama har ƙasa. Sau da yawa cutar tana cikin ukun da suka rage.

Kawu yanzu duk kwalbar da aka miƙo masa sai ya juya ta yana neman haruffansa uku, har ya koya wa abokansa a bakin rijiya. Kalmominsa sun kusa arba'in, a aljihun riga yake yawo da su.

Ga biyar ɗinku na farawa, a yanka musu kati yau da dare: EXP, ranar cikar wa'adi, "per", ga kowane, "only", kaɗai, "debit", an ɗebe, "pending", tana rataye. Duk wanda ya ci karo da kalmar da ta tsaya masa a kwalba ko a rasit ko a salula, ya rubuto ta ko ya ɗauki hotonta ya turo mana ta layin shirin, amma a rufe lambar asusu da suna kafin a turo. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, da kalmominku za mu buɗe fili. Allah Ya raya dabbobi, Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kiyaye hanya. Ku huta lafiya.